Kawu Mai-Agogo da Farfaɗiyar Aro

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama. Ga shi nan tafe: sarkin daƙiƙa, ubangidan minti, mai tayar da agogon da ya mutu tun zamanin kakanni, gwarzon da ke mulkin faɗin tebur ɗaya da kujera mai ƙafa uku da rabi a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai yankan makulli. Kawu Mai-Agogo ke nan. In kun gan shi ba za ku ba shi hanya ba ma. Ɗan siriri ne, tsakar ka ta fara ƙyalli, ido ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta saboda shekarun da ya yi yana matse madubi a cikinsa. Ba kawun kowa ba ne a layin, amma har waɗanda suka girme shi Kawu suke ce masa.

Abu biyu kowa ya sani game da shi. Na farko, ba ya latti. Na biyu, da murya ƙasa-ƙasa ake faɗinsa: yana da farfaɗiya. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa ƙarya ce da shi da kansa ya goya shekara ashirin da biyu.

Ga yadda aka yi. Kawu yana da ƙanwa, ita ce autar gidansu, kuma sunan Auta ya bi ta har yau. Tana da shekara goma sha bakwai ta faɗi a bakin famfo tana wanki, jiki na karkarwa, kumfa a baki. Bayan wata guda ta sake faɗuwa. Sai aka ce asibiti. To, mutumin da ke rubuta kati a tagar asibitin ƙanen uban saurayinta ne, saurayin da ita da kanta ta zaɓa, kuma bakin mutumin nan ba ya riƙe ko ruwa. Innarsu ta kira Kawu ɗaki ta ce, “In sunan yarinyar nan ya shiga littafin asibiti, ya shiga bakin duniya.”

Kawu ya zaunar da Auta ya yi mata tambayoyi kamar ɗan sanda. Me kike ji kafin ya zo? Warin roba mai ƙonewa. Daga nan fa? Ɗanɗanon ƙarfe a baki. In kin farka? Ciwon kai da barci. Ya haddace tsaf, ya rufe ido ya gartsa wa harshensa cizo don ya samu abin nunawa, ya je taga ya faɗi sunansa. Likita ya saurare shi, ya leƙa harshen, ya rubuta masa wata farar ƙwaya mai tsaga a tsakiya. Kawu ya juye ta a gwangwanin batir ya kai wa Auta. Faɗuwa ta ragu, ta ragu, har ta ɗauke.

Kafin sati biyu labari ya gama unguwa, kamar yadda Inna ta hango, sai dai a kan wani ya sauka. A lokacin Kawu yana koyon tuƙin babbar mota, har an fara ba shi sitiyari a hanya mai sauƙi. Maigidansa ya karɓe makulli, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya nemi sana'ar zaune. Haka ya zo ƙarƙashin matakala, inda in mutum ya faɗi ma ƙasa ba nisa. Auta ta yi aurenta lafiya. Shi kuwa sai da ya kai talatin da biyu kafin a samu gidan da suka yarda su ba shi 'ya.

Duk Alhamis ɗin farko bayan wata biyu, Kawu zai rufe akwatin gilashinsa ya tafi bin layi. Kafin ranar zai biya wajen Auta ya karɓi rahoto. Ta ce jiri, ya je ya ce jiri. Ta ce barci ya yi yawa, ya je ya yi hamma gaban likita. Sau ɗaya aka ce za a ɗebi jininsa a ga ko maganin na zaune daidai. Kawu ya ga asiri zai tonu, sai ya sha ƙwayar kwana huɗu a jere. Ya riƙa ganin mai yankan makulli ya zama biyu, ya ɗaura wa agogon wani malamin makaranta hannu a juye, bawan Allah ya kwana uku yana tashin yara kafin lokaci. Likita ya duba sakamako ya yaba masa da bin ƙa'ida.

Ko matarsa, Maman Yara, ba ta sani ba. Ya ce mata a shago yake shan maganinsa. Shekara goma sha huɗu ba ta bar shi ya hau tsani ba, ba ta bar shi kusa da wuta ba, in ya shiga wanka sai ta tsaya bakin ƙofa tana jan shi da hira don ta ji muryarsa. Wannan ne ya fi ci masa rai a cikin ƙaryar duka. Amma ya ba Inna alkawari, Inna kuma ta tafi inda ba a zuwa a warware magana.

Shekara uku da suka wuce mijin Auta ya kwanta, ya rame, ya rasu. Aka gwada ta, aka ce tana ɗauke da ƙanjamau. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta 'ya'yan mutane: ɗakinta na gaba ta shimfiɗa wa tabarma da katifu ƙanana, mata masu zuwa aiki suna kawo mata jarirai da safe su ɗauka da yamma. Shida take riƙewa. Ta san kukan kowanne, ta san wanda yunwa ce da wanda iskanci ne kawai.

Aka ɗora ta a kan magani a wani asibiti can ɗaya ƙarshen gari, ƙwaya ɗaya kullum. Aka ce ta kawo wanda zai riƙa tsaya mata, ta kawo Kawu. Shi kuwa ya zaɓo agogon tebur mafi amo a shagonsa, ya wanke masa ciki, ya saita ƙararrawa ƙarfe takwas na safe, ya ajiye mata a kan kabad. In ya buga, jarirai shida su amsa gaba ɗaya. Ko gawa ba za ta manta da magani a ɗakin nan ba.

Ranar farko nas ɗin wurin, wadda kowa ke kira Sista, ta tambaya, “Akwai wani magani da kike sha?”

“Babu,” in ji Auta.

Kawu, da ke zaune gefenta, ya ɗaga kai yana nazarin fankar sili.

Da farko abin ya yi kamar zai yi kyau. Daga baya gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar ta ƙi kwanciya. Aka sake, ta ƙaru. Sista ta cire tabarau ta ajiye.

“Baiwar Allah, mu nan ba yara ba ne. Maganin nan in ana shan sa yana aiki. Ke dai ba kya sha.”

“Wallahi ina sha.”

“Kowa haka yake cewa. Wasu a masai suke zubawa su kawo mana kwalba wayam.”

Kawu ya ce, “Sista, ni na saita agogon.”

“Agogo ne zai haɗiye mata?”

Aka sa Auta zaman nasiha har sau uku tare da masu tsallake magani. Aka gaya mata in aka ci gaba a haka cutar za ta saba da maganin ya daina kama ta, a koma wani, kuma magungunan ba su da yawan da za a yi ta zubarwa. Ta fara rama. Zobenta ya koma babban yatsa. Bakinta ya yi ƙuraje, tari ya zauna. Amma ba wannan ne ke sa ta kuka a hanyar dawowa ba. “Yaya,” ta ce masa cikin mota, “ni za a kalla a ce maƙaryaciya?” Kawu ya dubi taga. Shi dai ya san mutum biyu ne a kujerar nan, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a cikinsu.

Ran nan Alhamis ɗinsa ta zagayo. Ya tarar an canza likita, an kawo wata yarinya wadda a ido ya isa ya haife ta. Tsoffin likitoci shafin ƙarshe suke buɗewa su sa hannu. Ita wannan daga shafin farko ta fara, wanda ya yi ja don tsufa.

“Baba, zan yi maka tambayoyin da nake yi wa duk mai shan wannan ƙwayar, kada ka ji haushi. Kana shan maganin tarin fuka?”

“A'a.”

“Na ƙanjamau fa?”

“A'a, ranki ya daɗe.” Ya ji daɗin samun tambayar da zai amsa da gaskiya. Sai kuma ya ce, don dai a yi hira, “Me ya haɗa su?”

“Hanta. Ita ke wanke magani daga jiki. Wannan ƙwayar taka tana sa ta zumuɗi, ta riƙa aiki da gaggawa. To in mutum yana shan wasu magungunan ƙanjamau, kafin su gama aikinsu ta share su. Sai ka ga mutum yana sha kullum a kan lokaci, amma abin da ya rage a jininsa bai isa ya danne cutar ba.”

Kawu ya san irin wannan. Akwai agogon da za ka sa wa sabon batir, bayan sati ya mutu, mai shi ya zo yana zaginka wai ka sa masa jabu, alhali wani abu ne a ciki yake zuƙewa.

“In ace... wani abokina ne. Sai ya daina shan farar kawai?”

Likita ta ajiye biro. “Kada ya kuskura. In ya yanke ta lokaci ɗaya, faɗuwar za ta iya dawowa da ƙarfin da ba a tashi. Akwai gyara. Ko a canza masa wadda ba ta faɗa da na ƙanjamau, a hankali, ko a ƙara masa wancan ɗin. Amma ba a gyara mutum daga nesa, Baba. Ka kawo abokin naka.”

Ya karɓi maganin wata biyu kamar kullum. Ya koma shago ya juye shi a gwangwanin batir kamar kullum. Daga nan ya zauna da hantsaki a hannu har inuwar matakala ta kai bakin kwata, bai taɓa agogo ko ɗaya ba. Mai gyaran takalmi ya leƙo ya ce, “Kawu, ko abin ne zai taso?” ya fara janye masa kujera daga jikin bango. Kawu ya ce a'a, lafiya lau.

Lissafi yake yi, irin wanda ba a yi da alƙalami. Shekara uku yana raka ta wancan asibitin yana jin ana ce mata maƙaryaciya, ashe abin da ke cinye maganinta a aljihunsa yake zuwa. Bai taɓa latti da shi ba ko sau ɗaya.

Da yamma, bayan uwar ƙarshe ta ɗauki ɗanta, ya shiga ɗakin Auta. Tana naɗe katifu. Ya gaya mata duka, bai rage ba.

Ta dubi gwangwanin da ya kawo mata. “To in daina sha.”

“An ce kada.”

“To ka koma ka ce kai ne ke shan na ƙanjamau ɗin, su canza maka.”

“Su gwada ni su ga babu. Auta, ƙaryar ta kai bango.”

“Yaya, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ƙanjamau ɗin ma, uku cikin iyayen yaran nan sun sani, ɗaya a layi muka haɗu. Amma wa zai miƙa wa mai farfaɗiya jaririnsa ya juya baya? Cewa za su yi zan faɗa kansa. Cewa za su yi a yawu ake ɗauka.”

“Ba a ɗauka.”

“Ni za ka gaya wa? Je ka gaya musu.” Ta jefa katifa lungu. “Kuma Inna ta ce...”

“Inna aurenki ta tsare. Ba ta ce a tsare shi har kabari ba.”

“Kai ka ji daɗi, za ka sauke kaya.”

Wannan ta shige shi, don akwai gaskiya a ciki. Can ya ciro katin asibitin daga aljihu, wanda ya sha selotef har ya yi kauri, ya ɗaga agogon kan kabad ya sa shi a ƙarƙashi.

“Sunana ne a kai, amma ciwon naki ne. Ba zan buɗe baki ba sai kin ce. In kin ce in ci gaba da bin layi, zan bi. Sai dai yanzu na san abin da nake kawo miki.”

Kwana shida ba ta neme shi ba. Shi ma bai je ba, amma kullum ƙarfe takwas sai ya tsinci kansa yana kallon agogunan shagonsa. Ran na bakwai, Alhamis, ya iso zai buɗe sai ya ganta zaune a kan kujerarsa mai ƙafa uku da rabi, jaka a cinya.

“Jiya na sunkuya zan ɗauki ɗan malamar nan,” ta ce, ba ta ko gaishe shi ba, “yaron da bai fi wata takwas ba. Hannuna ya ƙi. Sai da na zauna ƙasa na jawo shi.” Ta miƙe. “Ina ɓoyewa don kada a raba ni da yaran nan, ga shi ana raba ni da su ta wata ƙofar. Rufe mu tafi.”

A gaban likita Kawu ya ajiye kati biyu, nasa da na wancan asibitin, ya ce, “Ranki ya daɗe, ga abokin nawa.”

Ya ba da labari tun daga bakin famfo. Likita ba ta katse shi ba. Da ya gama ta koma shafin nan da ya yi ja.

“Dama na yi mamaki. An rubuta a nan cewa faɗuwarka tana zuwa ne duk wata, kwana biyu kafin...” Ta dubi Auta, ta dubi Kawu. “Na ce ikon Allah, yau ga namiji da lissafin mata.”

Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Rabon Kawu da ya ji dariyarta tun kafin rasuwar mijinta.

Daga nan fa likita ta wanke shi tas. Ta ce shekara ashirin da biyu ana auna magani da nauyin wani, ana duba idon wani, ana ɗibar jinin wani. Ta ce Allah ne kawai ya tsare. Kawu ya sunkuyar da kai yana cewa haka ne, haka ne. Aka ɗora Auta a kan sikeli, karo na farko da ciwon ya haɗu da mai shi a takarda. Likita ta ɗaga waya ta kira wancan asibitin, suka daɗe suna magana. Aka tsayar cewa za a ƙara mata ƙwayar ƙanjamau ɗaya da yamma tukuna, a kuma riƙa janye farar a hankali ana shigo da wata wadda ba ta zuga hanta. Aka buɗe sabon fayil. Da magatakarda ya tambayi suna, Kawu ya buɗe baki don sabo, Auta ta taka masa ƙafa ta faɗi nata.

Sista ba ta iya ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi, “Da kin faɗa tun farko,” sannan ta jawo wa Auta kujera mai laushi, wadda ba ta ba kowa. Yanzu, in ji masu zuwa wurin, ta daina tambayar ko akwai wani magani. Cewa take yi, “Juye jakar nan a tebur, har da wanda wani yake karɓo miki.”

Bayan wata huɗu gwaji ya nuna cutar ta kwanta. Zobe ya koma yatsansa.

Iyayen yara kuwa, Auta da bakinta ta tara su ta gaya musu. Biyu suka ɗauke 'ya'yansu a ranar, ɗaya ko sallama babu. Huɗu suka tsaya, da sharaɗin a samu wata babba ta riƙa zama da ita har sabon maganin ya zauna. Maman Yara ce ta karɓi wannan aikin, bayan ta yi kwana biyu ba ta yi wa Kawu magana ba. Ran na uku ta jingina tsani a bango ta ce, “Shekara goma sha huɗu ina biyan lada ga masu hawa rufin nan, ashe da ƙato a gida. Bismilla.” Ya hau. Ya ce daga can sama ana hango babban titi, da manyan motoci suna wucewa. Ya ɗan daɗe bai sauko ba.

A layi har yau wasu ba su yarda ba. Mai gyaran takalmi ya ce shi dai ba zai daina janye kujera ba, rigakafi ya fi magani.

Auta ce ta ce in rubuta, ko akwai wani gidan da ke da irin wannan gwangwanin. Sharaɗinta biyu: kada in sa sunanta, kada kuma in ce ta rame sosai. Da na gama sai na tafi ƙarƙashin matakala, na tsaya gaban teburin Kawu, na gyara murya na karanta masa tun daga sarkin daƙiƙa har zuwa kan rufi. Na ƙara da cewa duniya ta shaida, ga mutumin da ya ɗauki ciwon da ba nasa ba shekara ashirin da biyu bai ce wash ba.

Bai cire madubin daga idonsa ba.

“Layi kawai na bi,” ya ce. “Da na yi magana da wuri ma da ba ta sha wannan wahalar ba. Ɗaga ƙafarka, ka taka mini noti.”